Kalandar da ke Rataye a Bayan Gida

A kan keke na fara ganinta. A Greensboro ta farkon shekarun dubu biyu, babba ba ya hawa keke sai in an karɓe masa lasin tuƙi ko motarsa ta kwanta. Ita kuwa kullum da safe, ina cikin bas daga tashar cikin gari zuwa gidan tsofaffin da nake aiki, sai in hango ta a gefen titi tana murza feda, bayanta a miƙe kamar an saka mata muciya a riga, jaka ɗaya a kowane gefen tayar baya. Ana ruwa haka take, ana sanyi haka take, kuma sau da yawa tana riga bas ɗinmu isa.

Aikina a gidan shi ne wanke tsofaffi, da ba su abinci, da juya waɗanda ba sa iya juyawa da kansu. Nata aikin gashin ƙashi, wato koya wa wanda ya karye a ƙugu ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake taka ƙasa. Ni daga Damagaram na biyo maigidana. Ita ban taɓa tambayarta daga ina ta fito ba, don a ganina fuskarta ta riga ta ba da amsa. 'Yar Chaina muke ce mata a bayan idonta, mu da tsofaffin duka.

Wata rana a ɗakin hutu na ga ta buɗe abincin ranarta: yankan burodi biyu da cuku a tsakani, sai kofin madara. Abin ya ba ni tausayi. Na ce a raina baiwar Allah ba ta samu zarafin girki ba ne. Don in ja ta da hira, sai na roƙe ta ta koya mini soyayyiyar shinkafa irin ta gidajen abincinsu, na ce yarana sun hana ni sakat a kanta.

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ban iya ba. Ni 'yar Holan ce. Dankali na iya dafawa, in dame shi da ganye."

Tsakanin loma da loma ta ba ni sauran labarin, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. A Taiwan aka haife ta. Tana wata huɗu aka ɗauke ta daga gidan renon jarirai aka kai ta wani ƙaramin gari a Holan, wajen wani malamin makaranta da matarsa, ta tashi tsakanin yayye maza biyu dogaye masu farin gashi. Ba ta jin kalma ɗaya ta yaren Taiwan. Kunya ta rufe ni, na shiga ba da haƙuri babu ƙaƙƙautawa. Ta ce in bari haka nan, ba ni ce ta farko ba, ni ma ai don abinci na tambaya. Ta tura mini rabin burodinta, na karɓa don kada ta ce na raina, na ci ina mamakin ƙasar da wannan ne abincin ranarta.

Ban taɓa zama da mutum mai faɗin magana a miƙe irinta ba. A mako na biyu da saninmu ta ce mini yadda nake ɗaga tsofaffi zai kashe mini baya kafin in kai arba'in, ba ta ko yi sallama da maganar ba. Raina ya sosu, amma ta tsaya ta nuna mini yadda zan lanƙwasa gwiwa in jingina nauyin a ƙirjina, kuma bayan nan nawa har yau da shi nake aiki. Akwai wani tsohon soja da ya rantse ba za ta taɓa shi ba, yana kiranta da sunayen da ba zan maimaita ba. Kullum sai ta zo ta tsaya a bakin gadonsa ta ce masa yana iya zaginta a tsaye. Wata uku ana haka, ranar da ya taka daga gado zuwa taga da ƙafarsa, hannunta ya riƙe. Ni da a ce ni ce, da tuni na bar shi da halinsa. Na so ta tun daga lokacin, kuma na ɗan ji tsoronta.

Da ta gayyace ni gidanta, sai da ta fito da wani ɗan littafi ta duba, ta ba ni wata Asabar da ke mako uku a gaba, ƙarfe uku daidai. Na yi dariya na zaci wasa take. Ranar na ɗauki kwanon dambu da ƙullin kilishi na tafi. Ta dafa mini gahawa, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo, na ɗauki ɗaya, kafin in kai baki ta mayar da murfi ta ɗora gwangwanin a kan kantar kicin. Na bi shi da ido. Daga baya na gane ba rowa ba ce, don matar nan ta taɓa ba da ranar hutunta sukutum ta raka ni ofishin takardu. Haka dai aka yi mata tarbiyya, gahawa ɗaya da biskit ɗaya.

A wannan zaman ne ta tambaye ni ranar haihuwata. Na ce ɗaya ga Janairu, ni da maigidana da rabin 'yan Nijar ɗin garin nan. Na bayyana mata cewa a ƙauyenmu ba a rubuta haihuwa, sai lokacin saka yaro lakwal, wato makarantar boko, wani ma'aikaci ya dube shi ya kintata, ya rubuta an haife shi wajajen shekara kaza. Da muka zo yin fasfo aka ce dole sai da rana, sai aka ba mu ranar farko ta shekara gaba ɗayanmu. Ina faɗa ina dariya, don mu abin dariya ne a wurinmu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ƙaro mini gahawa.

Zuwana na biyu ne aka samu matsala. Na nemi in kewaya, ta nuna mini ƙofa. Ina shiga na ga wata doguwar kalanda rataye a bango, daidai inda idon mai zama zai sauka. Ba ta da shekara, ba ta da Litinin ko Talata, lambobin kwanaki ne kawai da layi a gaban kowace, an rubuta sunayen mutane nan da can. Lokacin muna cikin Janairu. A layin farko, da fensir, ga sunana.

Sunan nan nawa na ɗaya daga cikin matan Annabi ne. Mu da ko zoben da aka rubuta wa sunan Allah ba ma shiga bayi da shi, ga shi an rataye ni a kan masai. Kuma ni 'yar Damagaram ce, na san abin da ake nufi idan aka rubuta sunan mutum aka kai shi wurin ƙazanta. Na fito na ce mata kaina ke ciwo, na ɗauki jakata, ko kwanona ban tsaya ɗauka ba.

Kai tsaye na wuce gidan Hajiya, dattijuwar da duk matanmu ke kai wa kuka a garin. Ta saurare ni tana jan carbi, sannan ta ajiye shi.

"Sunanki a toilet? Ke da idonki kika gani?"

"Wallahi Hajiya, da fensir, a layin farko."

"Bon. Wannan ba normal ba ne. Kin ci wani abu a apartment ɗin?"

"Biskit ɗaya."

"Ɗaya tak? To kin gani. Wa ke ba baƙo ɗaya in ba da wata manufa ba? Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma, a wurin job ku gaisa daga nesa, shi ke nan."

Mako biyu ina kauce mata. In ta shigo ta wannan ƙofa sai in tuna ina da aiki a waccan. Da 'yar'uwata Bahaushiya ce, da ta gane, ita ma ta ja jikinta, mu shekara muna gaisuwar fatar baki ba wanda ya ta da maganar. Ita kuwa ta tare ni a ɗakin da muke ajiye zannuwan gado, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Me na yi miki? Ki faɗa mini, in na yi laifi in gyara." Babu hanyar fita. Na sunkuyar da kai na faɗa mata, har da zancen asirin.

Ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta haɗiye. Ta ce a Holan kusan kowane gida da irin wannan kalanda, kuma a bayi ake rataye ta, don nan ne kaɗai wurin da kowa ke zama kowace rana ba ya sauri, ba yadda za a yi a manta ranar haihuwar wani. Ta ce ba kowa ake rubutawa ba. In ka ga sunanka a bayin mutum, to ya ɗauke ka ɗan gida. Ni kuma na gaya mata sunan wa nake ɗauke da shi. Ba ta yi musu ba, ba ta ce ai al'adarsu ce ba. Ta ce ba ta sani ba, ta ba ni haƙuri sau ɗaya, ta ce in zo ranar Asabar.

Da na je, na tarar ta ciro kalandar daga bayi ta rataye ta a kicin, kusa da firji, ta kuma goge sunana ta ce sai na yarda za ta mayar. Muna tsaye ta riƙa ɗaga shafukan tana nuna mini. Babanta, mamarta, yayyenta da 'ya'yansu, duk da biro. Mamarta ce ta koya mata haka, dangi da biro, wanda ba a tabbatar da zamansa ba da fensir. Da ta kai Oktoba sai ta tsaya. Ga sunanta ita kanta, da fensir.

Ta ce a Holan abin dariya ne mutum ya rubuta kansa a kalandarsa, amma ita ta rubuta don ta riƙa gani. Ranar da ke takardunta ba ita ce ranar haihuwarta ba. Wata tsohuwa ce ta kai ta gidan renon, ta ce jaririyar ta yi kamar mako biyu, ta bar adireshi ta tafi, ma'aikatan suka kintata suka rubuta. Ta ce ni ce mutum ta farko da ta taɓa haɗuwa da ita wadda ita ma ranarta ta aro ce, shi ya sa ta yi saurin rubuta ni.

Na ce to mene ne a ciki, ai ga mu muna rayuwa. Ta ce ita ba uwa take nema ba, tana da uwa, kuma ba za ta musanya ta da kowa ba. Abu ɗaya take so ta sani, ko matar da ta haife ta ta san ranar. "In ta sani, to haifata aka yi. In ba ta sani ba, tsinto ni aka yi." Haka ta faɗa, da muryar da take gaya wa tsofaffi su ɗaga ƙafar hagu. Ni ce idona ya kawo ruwa.

Ta riga ta fara rubuta wa gidan renon tun kafin mu san juna. Cikin bazarar shekarar aka aiko mata cewa an samu matar, tana sayar da 'ya'yan itace a kasuwar wani gari a kudancin ƙasar, ta yi aure, tana da wata 'ya, kuma ta yarda a haɗu. Ƙawata ta ɗauki hutun mako biyu ta tafi da tambayoyi uku a rubuce cikin ɗan littafinta.

Ranar da ta dawo aiki na san ba a dace ba, don a bas ta zo. A ɗakin hutu ta ba ni labari. Matar 'yar ƙarama ce, hannuwansu iri ɗaya sak. Tun da suka zauna ba ta ɗaga ido ta dube ta ba, ba ta rungume ta ba, ba ta kira ta da kowane suna ba. Gwaiba kawai take ferewa tana yankawa tana tarawa a farantin da ke gaban ƙawata, farantin ya cika tana ƙarawa. Ƙawata ta buɗe littafi ta sa tafinta ya yi tambayar farko, me ya sa aka ba da ita. Matar ta ci gaba da ferar gwaiba. Ta tsallake zuwa ta uku, wace rana aka haife ta. Matar ta ajiye wuƙa ta tashi ta shige kicin, ba ta fito ba har suka tafi. Ƙanwar ce, 'yar da ta haifa daga baya, ta raka su bakin titi.

"Ba ta sani ba," in ji ƙawata. "Ko kuma ba ta damu ba. A Holan fuskata ce baƙuwa. A can kowa kamata yake, amma in na buɗe baki sai su yi mini kallon mara tarbiyya. Na je na gani, shi ke nan."

A nan ne ni ma na yi abin da ban saba ba, na faɗi magana a miƙe. Na ce mata ta yi wauta. Na ce wa ya gaya mata ana zaunar da uwa a gaban baƙon namiji da littafi a hannu kamar a kotu? Sannan na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa a ƙasar nan ba, don a wurinmu ba labari ba ne. Ni 'yar fari ce. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni riƙo wajen goggota a cikin birni, ita ta raine ni har ta aurar da ni. Inna, wadda ta haife ni, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in tana zancena da wasu ta ce "yarinyar nan". In na je ƙauye hutu ba ta zama kusa da ni, sai dai in ga kwanon furata ya fi na kowa nono.

Ƙawata ta saurara har na gama. Sai ta ce, "To ita ta san ranar da ta haife ki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kin taɓa tambayarta?" Na ce ba a yi. Ta ce, "To ba ki san komai ba ke nan, zato kike yi kamar ni."

Maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Wata Lahadi da hantsi na kankare katin waya na kira shagon da ake karɓar waya a ƙauyenmu, na ce a kira mini Inna, na jira rabin awa na sake bugawa. Ban tambaye ta kai tsaye ba, ban yi hauka ba. Bayan mun gaisa na tambayi damina da awaki, sai na ce masu takardu a nan sun matsa mini, ko akwai wani tsoho a gari da zai iya tuna lokacin da aka haife ni. Ina jin kukan jaki a bayanta. Sannan ta ce, kamar da mai shagon take magana, "Yarinyar nan ai Talata ce, da hantsi, kwana uku da kamawar watan azumin tsofaffi. Gero ya fara fid da kai. An yi yayyafi da asuba." Ta ce a gaida yara, ta miƙa wayar. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har ruwan shayina ya ƙone a kan wuta.

Washegari na kai wa ƙawata wannan labari, na kuma ba ta shawara irin tamu. Kada ta sake tambayar matar komai. Ta bi ta wajen ƙanwar. Ta aika tsaraba, ta aika hotuna, ta yi gaisuwa, ta yi shiru. Ta ce wannan ai zagaye-zagaye ne, in mutum yana son abu ya tambaya. Na ce ta tambaya ai, me ta samu? Ta ɓata rai, ta tafi wajen tsofaffinta.

Abin da ya sa har yau nake ganin girmanta shi ne ta yi. Mace ce da aka gina ta a kan faɗin magana a fili, tana ganin kewaye-kewaye kusan ƙarya ne, amma ta ajiye nata ta ɗauki na wasu. Ta kira mamarta ta Holan, ita kuma baiwar Allah ta zauna ta zaɓo hoto ɗaya daga kowace shekara ta yarintarta, daga na zanen goyo har na ranar gama makaranta, ta aiko. Ƙawata ta haɗa da gyalen ulu, ta rubuta wa ƙanwar 'yar gajeriyar wasiƙa. Ta kawo mini in duba. Na samu tambaya ɗaya da ta ɓoye a layin ƙarshe, na sa ta goge. Ta goge tana ƙunƙuni.

Wata huɗu babu labari. Ta koma hawa kekenta, ba ta sake ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba, sai dai ina saka ta a addu'a.

Wata Asabar da safe ina tsaka da wanke-wanke aka buga ƙofa. Na buɗe na gan ta tsaye da keke, tana haki. Matar da sai an yi mako uku ana jiran layi a littafinta, ga ta a ƙofata ba sanarwa. Ta shigo ta zauna a kan darduma ta zazzage wata ambulan. Wasu 'yan takardu ne sirara kamar ɓawon albasa, kowace da ƙatuwar lamba a tsakiya da ƙananan rubutun Chaina kewaye. Irin kalandar nan ce da ake yage shafi ɗaya kowace rana, ta ce ta gan ta a bangon kowane shago a can. Sai 'yar takarda daga ƙanwar, da Turancinta na makaranta: Mama ta ce a ba ki. Ba mu taɓa sanin tana da su ba.

"Ban gane ba," in ji ƙawata. "Na ƙirga, ashirin da takwas ne, shekaruna da ƙarin ɗaya. Amma kowace da ranarta daban. Wannan Satumba, wannan Oktoba. Wacce ce a ciki? Ko dai ita ma kintata take yi?"

Muka jera su a kan darduma bisa shekarun da ke jikinsu, daga wadda ta yi jawur don tsufa zuwa sabuwa. Na bi lambobin da yatsa. Ta bana ta ja baya da kwana goma sha ɗaya daga ta bara. Ta bara ma haka ta yi wa ta bariya. Can sai ta yi tsalle gaba, ta sake fara ja da baya. Wannan ja da bayan na san shi kamar tafin hannuna, da shi nake neman hutun Sallah a wurin aiki kowace shekara ana yi mini kallon mai ƙarya. Na ce mata wannan ai lissafin wata ne. Na ƙwala wa maigidana kira ya fito daga ɗaki, ya gaishe ta, ya tsuguna ya saka tabarau. Bai iya karanta ko ɗaya ba, amma ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan alamu a gefen lambar, ya bi su takarda bayan takarda. Iri ɗaya ne a kan duka ashirin da takwas ɗin.

Rana ɗaya ce. Matar ba ta lissafi da kalandar Turawa, da watansu take yi. Kowace shekara in ranar ta zagayo sai ta yage shafin ta ɓoye, ba mijinta ba, ba 'yarta ba, babu wanda ya sani. Ta farkon, mai ja ɗin nan, ita ce ta ainihin ranar, kwana tara kafin wadda ke cikin fasfo.

Ƙawata ta ɗauke ta a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma ko a nan ba ta rufe fuska ba, ta bar su suna zuba a fili kamar yadda take komai. Ta ce, "To, haifata aka yi."

Da wayarmu ta kira Holan. Ban ji yarensu ba, na dai ji muryar tsohuwar ta ɗaga sannan ta karye. Da ta ajiye ta ce mamarta ta ce yanzun nan za ta shiga bayi da biro. Ta kuma ce a nemo mata adireshin matar, don a al'adarsu ranar haihuwar yaro uwarsa ake yi wa barka, ita kuwa shekara ashirin da bakwai tana karɓar barkar da rabinta na wata mace ne. Na ce wannan kam mun yi tarayya, mu ma uwa muke yi wa barka.

Da la'asar na bi ta gidanta, ita a keke ni a bas, ta riga ni isa. Ta ciro kalandar daga bangon kicin ta shimfiɗa a tebur, ta buɗe Oktoba. Na zaci za ta goge tsohuwar ranar ne. Sai ta bi kan fensirin da biro, harafi bayan harafi, sannan ta haura layi tara ta sake rubuta sunanta.

"Wannan ta wadda ta haife ni ce, wannan ta wadda ta raine ni. Ba zan ƙwace wa kowa tata ba."

Ta miƙo mini biron. Maigidana ya riga ya lissafa mini Talatar Inna, ta faɗa cikin Agusta. Na buɗe shafin na rubuta sunana da hannuna. Ta mayar da kalandar kusa da firji, ta ɗora ruwan gahawa, ta sauko da gwangwanin biskit ta ajiye a tsakaninmu, ta bar shi a buɗe.